Wankan A-Kori-Kurar Malam Nuhu

"Lahiya lau, Luba. Ina gajiya, ina Gwaggo da jiki?"

"Da sauƙi, tana gaishe ka. Wa yar rasu gidanga, nag ga kana wankan gawa tun da hantsi?"

Labbo bai ɗago kai ba. Rabin jikinsa na cikin bakin motar, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, baƙin mai ya yi masa safa zuwa gwiwar hannu. Ya san idan ya kuskura ya ba ta fuska, to aikin yau ya tashi. Lubabatu taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tafi yana sosa inda bakin ɗaya ya same shi ba. Yanzu duk sun yi furfura, sun aurar da 'ya'ya, amma bakin bai tsufa ba. Da can sai salla ko biki yake shan nata, don a Zugu take zaune. Tun da tashin hankali ya taso su daga can, ita da tsohuwarta suka kama gida a bayan layinsu a Gummi, abin ya zama na kullum.

Gawar da take faɗa kuwa tsohuwar Fijo ce a-kori-kura, ta marigayi Malam Nuhu direba, mahaifin Labbo. Da ita ya ƙare ƙarfinsa yana jigilar shinkafa da mutane da awaki tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka. Tun rasuwarsa tana tsaye ƙarƙashin rumfar kwano a kusurwar gida. Labbo manomin fadama ne, tuƙinsa na lallaɓawa ne kawai. Iyakar hidimar da ya iya yi mata ita ce ya tada ta jefi-jefi, ya ƙara mata ruwa, ta yi tari ta yi hayaƙi, ya kashe ta ya rufe.

Ƙaninsa Isa ne ya gaji da ganinta. Yana son kusurwar ya fasa shago, har ya kawo mai sayen gwangwan ya zagaya motar yana yi mata kallon da mahauci ke yi wa tsohuwar saniya. Da magana ta yi zafi, dangi suka yanke: gobe bayan sallar Juma'a, idan ta fita ƙofa da ƙafarta ta zagayo kasuwa ta dawo, ta zauna, Isa ya nemi wani wurin. Idan ta kasa, guduma ta hau kanta. Abin da ya fi ci wa Labbo rai shi ne yadda Isa ya ɗaga murfin injin a gaban mutane ya ce wannan ba inji ba ne, juji ne. Daga baya ya ga wani Bature a wayar 'yarsa yana wanke tsohon inji har yana ɗaukar ido, sai ya rantse kafin gobe Isa zai ga fuskarsa a jikin na Baba.

"Gawa ba ta tari, Luba," ya ce daga cikin injin. "Wagga in ta tashi har garin Ɗaki Takwas ana jin ta."

"Awo, ana jin ta. Ran da kat tada ta, Innata cewa tay yi in duba ko injin niƙa na yak kama wuta."

"Motar da tat tsere ma ruwan sama tun daga Anka? Da munka iso Gummi, wutsiyarta kaɗai aj jiƙe."

"Ina ciki ranar. Mai jaki ya wuce mu, yag gaishe mu, yat tahi yas sauke kaya, yad dawo yas sake gaishe mu."

"Nauyinki na yad danne ta. Tun kina yarinya buhu biyu anka san ki."

Ta ja turmi ta zauna, ta gyara mayafi, alamar ba yau za ta tafi ba. Ta gaya masa ita fa ba gaisuwa ce ta kawo ta ba, gado ta zo dubawa. Idan mai gwangwan ya zo gobe, a cire mata bayan motar ta yi akurkin kaji, haƙƙinta ne na taubashiya. Ya ce kajin da ke gudu idan sun ji muryarta, wane akurki zai riƙe su. Ta ce kaji sun fi shi hankali, don ba ta taɓa ganin kaza tana goge ƙarfe da buroshin haƙora ba.

A nan ta kama shi, domin buroshin haƙoran ne a hannunsa, da gwangwanin kananzir a gefe. Ya cire wayar batir, ya ɗaure duk inda wuta ke bi da leda kamar yadda Baturen ya yi, sannan ya duƙufa yana goga tun asuba. Wurin da ya gama bai wuce faɗin tafin hannu ba. Dauɗar shekaru ce, baƙin mai da ƙasar hanya da gashin akuya sun haɗu sun zama ɓawo guda.

"Namijin da bai taɓa wanke kwanon tuwonai ba, shi za ya wanke inji? Gusa, bawa."

"Wa ab bawan wa? Ni ɗan namiji na, ke ɗiyar mace."

"Shi as sa nac ce ka gusa. Abin da kunka ɓata, mu ka gyara shi."

Ta ƙwala wa Hamida matarsa kira ta kawo toka da soso da ruwa a bokiti. Hamida ta kawo, ta tsaya daga nesa ta riƙe baki, don ta san faɗan taubasai ba a shiga. Luba ta ɗaure mayafi a ƙugu ta hau injin da irin zuciyar da take hawa tukunyar biki. Gaskiya ɗaya ce, hannunta ya fi nasa. Kafin rana ta take, murfin saman injin ya fito fari, har wani rubutu ya bayyana a jikinsa wanda Labbo bai taɓa sanin yana nan ba. Ransa ya yi fari, amma ya gwammace ya haɗiye kananzir da ya yaba mata. Ya ce ai kananzirinsa ne ya jiƙa dauɗar, ita ta zo ta tarar da banza. Ta ce haka maza suke cewa kullum idan an sauke tuwo.

Don kada a bar shi a baya, ya ɗauki wuƙa ya shiga ƙarƙashi. Can ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe, masu tauri, manne a jikin bututun fetur da gindin tanki, da wasu wurare da aka naɗe da tsohuwar robar taya. A injin Baturen babu ko ɗaya irinsu. Ya bi su yana ɓamɓarewa yana yankewa yana jefowa waje, Luba na sama tana zuga shi.

"Ɗebe su duka. Ƙazantar gidanku ta, ku ɗiyan maza ba ku iya yar da komi ba."

"Kashin kajinki na, sun riga sun tare tun ba a ba ki gadon ba."

Sai suka zo kan lagireto, tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Labbo ya kwance ƙasanta don ya zubar da tsohon ruwan. Maimakon ruwa, wani abu ne ya fito, kore-kore baƙi-baƙi, mai kauri, yana saukowa a hankali yana jan zare. Su duka suka ja da baya. Luba ta toshe hanci ta ce yanzu ta gane abin da ya sa motar ke tari, majinar shekaru ce ta taru mata a ƙirji. Labbo ya ji kunya ta kama shi, kamar an buɗe ɗakin uban nasa an ga shara. Ya gode wa Allah da ba a gaban Isa abin ya fito ba.

Shawarar tsamiya daga bakin Luba ta fito, ko da yake daga baya ta so ta musa. Ta ce tasar tagulla idan ta yi kore, ruwan tsamiya ake jiƙa ta da shi, kuma wannan tukunyar ai tagulla ce. Labbo ya ce ashe akwai ranar da za ta faɗi magana mai kai. Aka karɓe tsamiyar da Hamida ta jiƙa don kunu, aka ɗura, aka jijjiga motar, aka zubar. Aka sake, aka sake, har ruwan ya riƙa fitowa garau. Suka tsaya gefe da gefe suna kallon aikinsu. Injin na sheƙi a rana, ba ɗigon mai, ba ƙulli, ba roba. Labbo ya leƙa, ya ga inuwar hularsa a jikin ƙarfen, ya ce yanzu Isa ya zo.

Ya cire ledojin, ya mayar da wayar batir, ya ɗaure ƙasan lagireto, ya ɗauki buta ya cika ta da ruwa mai kyau.

Ruwan bai tsaya gaisawa ba. Ta gaba ya fito, ta gefe ya fito, ta wuraren da ido bai ga rami ba ya fito, siriri-siriri, kamar an zuba shi a rariya. Labbo ya ƙara buta guda, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Bai gama fahimtar wannan ba sai warin fetur ya tashi. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga ɗan man da ya saya don gobe yana ɗiga daga duk inda wuƙarsa ta bi. Ya yi sauri ya tara gwangwani, ya sake cire wayar batir.

"To," in ji Luba, "aƙalla za ta tahi lahira da tsabta."

Ya tsaya yana kallon man da ke ɗiga a gwangwani. Ta ɗauka yana haɗa mata wata baƙar magana ce, don haka ta ɗauki kara ta tsokani koren abin nan da ke kwance a ƙasa, ta ɗaga shi yana jan zare.

"Dubi nan. Ko miyar kukar Hamida ba ta kai wanga yauƙi..."

Maganar ta tsaya mata a baki. Ta sa yatsa ta dangwala, ta murza, ta kai hanci. Ta dubi Labbo, shi ma ya duƙa ya dangwala. Sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin dunƙulen da ya ɓamɓare, ya tsoma a bokiti ya murza. Ya yi kumfa. Koren nan kuka ce, dunƙulen kuma sabulu, ashe su ne suka toshe ramukan motar duk shekarun nan.

Babu wanda ya yi wa wani bayani, don abu ɗaya ne ya faɗo musu a rai. Duk safiyar da Malam Nuhu zai kama hanya, sai ya tsaya a ƙofar madafi ya ce wa Innar Labbo ta ƙulla masa kuka cikin hannu da gutsuren sabulu. Bai taɓa faɗin na mene ne ba, mutum ne da ba ya son tambaya, kuma ba ya barin kowa ya tsaya kusa idan ya ɗaga murfin injinsa. Direba kuma, mai kwana a hanya, yana fita da kayan miya da sabulun wanka. Dangi ba su sha wahalar lissafi ba. Aka yanke cewa akwai wata bazawara a Anka. Har kama aka yi mata, wai doguwa ce mai wushirya. Gwaggo, uwar Luba, ita ce kan gaba a binciken, ta taɓa tura mutum takanas ya bi sawunsa, ya dawo ya ce bai ga kowa ba, aka ce an saye shi.

Luba ta zauna daɓas a kan turmi, dariya ta ci ƙarfinta har tana dukan cinya.

"Ashe ga bazawarar Anka. Ga ta nan, mai wushirya. Shekara da shekaru muna zagin baiwar Allah, tana tsaye tsakar gida tana jin mu."

Hamida ma ta juya baya kafaɗunta na rawa. Labbo ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana juya wani dunƙulen sabulun a hannu, sai ya ga gefensa ya lotsa, da shatin babban yatsa a ciki, har da layin tsagar nan da ƙarfe ya taɓa yi wa Baba. Nan ya danna shi, wata rana, a gefen wata hanya, da mutane a bayan mota suna jira. Duk ƙullin da Labbo ya yanke yau, wata rana ce da mutumin nan ya ƙi kwana a daji ya kawo musu abinci gida. Isa ya yi niyyar sayar da ƙarfe ne kawai. Shi da ke iƙirarin ƙaunar uban, shi ya zauna da wuƙa ya kankare hannunsa daga jikin motar, don ya ji kunyar dauɗa.

Luba ta share hawayen dariya ta jefa masa wata maganar, ta ce ɗan namiji ya wanke gadonsa har ya zube. Bai ɗago ba. Ta ƙara wata, a kan hularsa. Shiru. Tun suna yara ba ta taɓa jifansa ya kasa ramawa ba, ko ranar da aka binne uban sai da ya ce mata kukanta ya fi na jaki muni. Shirun nan ya ba ta tsoro fiye da duk zagin da ya taɓa yi mata.

Hamida ta shiga ta fito da kukar gidan a gwangwani. Luba ta karɓa ta shinshina, ta murza, ta ce wannan ta kasuwa ce, rabinta ganyen da Allah kaɗai ya san sunansa, ko miya da ƙyar take kamawa balle tagulla. Ta ajiye gwangwanin, ta warware mayafinta ta yafa, ta fita ko sallama babu.

Labbo ya ce a ransa ta gama cin kasuwarta, ta tafi ta ba layi labari. Ya sa dunƙulen mai shatin yatsa a aljihu. Ya karɓi sabulun wankin Hamida, ya jiƙa shi kaɗan, ya murza shi da ƙasa mai laushi har ya yi danƙo, ya koma ƙarƙashin motar. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da nasa yatsan, ya tsinto robobin da ya yanke ya ƙulla waɗanda za su ƙullu. Aikin bai yi kyau ba ko kaɗan, amma fetur ya daina ɗiga. Saura lagireto, ita kuwa ba abin da yatsa zai yi mata.

Yana fitowa ya ga ƙafafunta. Tana tsaye da wani ƙullin tsumma a hannu, ta miƙo masa tana kallon wani wuri. Ya san ƙullin, kowa a dangi ya san shi. Kukar bishiyar bayan gidansu ce ta Zugu, wadda ta kaɗo ta shanya a kakar ƙarshe kafin su taso. Ba wanda ya sake taka wurin tun daga lokacin. Ba ta miya da ita. Sai ranar da tsohuwar ta ƙi cin komai take ɗiban ɗan kaɗan ta kaɗa mata, don ta ji ɗanɗanon gida.

"A'a, Luba. Mai da ta. Ta Gwaggo ta."

"Ita tac ce a kawo. Na ba ta labari, tay yi dariya har tas sarƙe, sannan tay yi kuka. Tac ce dauri ma daga iccen nan take aiko ma Innarka kukar da Kawu ka tahiya da ita."

"Ko rabi a zuba, ki mai da saura."

"Cewa tay yi a kai ma bazawarar duka, a ce ta yahe muna. Riƙe mini murhin lagireton, hannunka duk sabulu."

Ta kwance ƙullin da kanta. Garin ya fito kore shar, mai laushi, ƙamshinsa ya doke warin kananzir. Ta kaɗa shi a kwano da ruwa kamar za ta yi miya, ta ɗura a lagireto, ta kakkaɓe tsumman a ciki har ba abin da ya rage. Labbo ya cika da buta, ya mayar da wayar batir, ya shiga ya zauna a kujerar da ta lotsa da zaman wani. Ya yi bisimilla ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Ta yi tari, ta girgiza, ta kama.

Ruwan na zuba har yanzu. Luba ta tsuguna a gaba tana kallo, Hamida na riƙe da buta tana ƙarawa. Da injin ya fara ɗumi, zaren ruwan ya koma ɗigo, ɗigon ya riƙa jinkiri, yana taruwa a bakin ƙarfe ya daɗe kafin ya faɗo. Can sai wani ya taru, ya yi kauri, ya tsaya a wurin bai faɗo ba. Luba ta share ƙasan da tafin hannu ta jira. Ƙasar ta zauna a bushe.

Labbo ya sa giya, motar ta motsa, ta fito daga ƙarƙashin rumfa ta nufi ƙofa a hankali. A lokacin ne iskar injin ta shigo masa ta taga, ɗumin kuka da sabulu da fetur a haɗe. Haka rigar Baba take wari idan ya dawo daga hanya ya ɗauke su. Idonsa ya cika, ya rasa ganin ƙofar, ƙafarsa ta danne totur ba da niyya ba, injin ya yi ƙara.

Luba ta biyo shi ta dafa tagar. Ta ga fuskarsa, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Rage mata wuta, Labbo. Kak ka ƙona mini miya."

Dariya ta ƙwace masa tare da hawayen. Ya ɗaga ƙafa, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Shigo, uwar ɗakina. Mu kai ma Gwaggo baƙuwarta."